Mai Waya

Bukkuyum, 19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga taubashiyata Sahura, a Sakkwato,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan da sauƙi, sai abin da ba a rasa ba. Inna ƙafar ce dai, yanzu a zaune take sallah. Matata Raihana tana gaishe ki. Ni ma na gaishe ki, duk da ban ga abin da kika taɓa tsinana mini ba tun da kika koma birni kika fara cin shinkafa da cokali.

Kada ki yi mamakin ganin rubutuna. Tun da aka ɗauke mana sabis a farkon watan nan wayoyinmu suka koma tocila, kowa ya nemi biro da takarda. Nuraddeen direba, mai yin Sakkwato ta hanyar Gummi, shi ne ya zama mai kai saƙon gari duka. Shi zai miƙa miki wannan.

Ga abin da ya sa na tuna da ke. Kin san rabon da in ɗauki hoton biki an daɗe, babu mai biki yanzu. Aikin da ya rage mini shi ne hoton matan da aka kashe wa maza. Wata ƙungiya ce ke rabon hatsi, kuma ba ta rubuta mace sai da ɗan hoton kati. Yawancin matan nan suna cikin takaba, kin kuwa san mutanenmu, mai takaba ba ta zama gaban namijin da ba muharraminta ba. Sai na samo dabara. Ina shiga in kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, in ajiye kujera, in sa wata tsohuwa ta zauna in daidaita a kanta. Daga nan in koma zaure da rimot a hannuna. In mai takabar ta fito, tsohuwar ta ɗaga murya ta ce, "Ta zamna, danna abinka," sai in danna. A Zugu kaɗai na ɗauki mata goma sha tara a haka, ban haɗa ido da ko ɗaya ba. Ba na jin daɗin aikin nan, Sahura. Wasu mazan ni na ɗauki hoton aurensu.

To rimot ɗin ya lalace ranar Alhamis. Na gwada agogon cikin kyamara, mai ƙirga daƙiƙa goma ya ɗauka da kansa, sai hoto ya fito mace ba ta gama zama ba, ko tana share ido. Ba zan sa mai takaba ta fito sau huɗu ba.

Don Allah ki shiga wajen masu kayan hoto ki samo mini wani. Na rubuta lambar kyamarar a bayan takardar nan. Iri biyu ne, akwai mai waya akwai marar waya. Mai waya nake so. Duk daɗin bakin da mai shago zai yi miki, kada ki karɓi ɗayan. Ina da dalili, amma ba komai ake sa wa a takarda ba a kwanakin nan.

Ki gaida maigidan, ki ce ina yi masa sannu da haƙuri.

Ɗan'uwanki,
Tasi'u

Sakkwato, 2 ga Oktoba

Zuwa ga Tasi'u mai hoto, baƙauyen Bukkuyum,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, sai da na sa tabarau na kuma kira maƙwabciya kafin muka gane rubutun. Muna lafiya. Ƙaramar ce ta yi zazzaɓi kwana uku, ta warware. Ka duba mini Inna, na sa mata man zafi a cikin kayan. Ka ce wa Raihana ina jinjina mata, zama da kai ba ƙaramin jihadi ba ne.

Na karanta batun matan nan. Na ajiye takardar na daɗe ban iya ci gaba ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, ya ba ka ladan suturta iyalinsu. Wannan kaɗai zan yaba maka, kada ka saba.

Ka yafe jinkiri, makaranta ce ta riƙe ni, sai jiya na samu fita. Shago uku na shiga kafin na dace. Mai shagon ya duba lambar ya fito da guda biyu. Ɗaya da doguwar igiya baƙa a naɗe, kamar ta ɗaurin akuya. Ɗayan ba igiya ko kaɗan, gida biyu ne: ƙarami da ake maƙala wa kyamara, da wanda ake riƙewa a hannu mai 'yar eriya. Na ce masa ɗan'uwana ya ce mai waya, wanne ne a ciki? Ya ɗaga na biyun ya ce, "Hajiya, wancan mai igiya na, na mutanen da. Wanga shi aka haɗawa da waya, ki danna daga wayarki ma shi ɗauka." Na ce ashe baƙauyen ya san abu mai kyau. Shi na ɗauko maka, sabo a kwalinsa, ko fito da shi ban yi ba.

Ya gwada mini da irinsa na shago. Ya bar kyamara a kan kanta, ya fita har bakin titi ya danna, sai ga ta ta yi ƙyas. Ya ce ba ruwansa da sabis, ko an ɗauke ko ba a ɗauke ba saƙonsa na isa. Yana kaiwa taku ɗari, yana ratsa bango. Kana iya sa shi a aljihu ka tsaya cikin mutane kana gaisawa, ka danna, can su samu, ba wanda zai san kai ne. Ka ga yanzu ba sai ka maƙale a zaure ba, daga gindin bishiya ma ka gama aikinka ka wuce gari na gaba. In ka yi arziki da shi ka tuna wadda ta haɗa ka da shi.

Kyauta ce, kada ka aiko mini da komai, sai dai in daddawar Raihana ce. Nuraddeen ya ce zai tsaya Gummi gyaran mota, sai Alhamis zai shigo wajenku.

'Yar'uwarka da ta fi ka wayewa,
Sahura

Bukkuyum, 4 ga Oktoba

Sahura,

Salamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Mu ma haka, sai dai Inna ta rage cin abinci. Shiru na ji, ban sani ba ko takardata ta same ki ko tana ƙarƙashin kujerar Nuraddeen. Wannan takardar wani malamin asibiti na ba ya kawo miki, mutumin kirki ne, shi ya sa zan saki baki kaɗan.

Na san halinki, za ki ga wanda ba shi da waya ya fi kyan gani ki ce ƙauyanci ne ya hana ni so. Na fi ki sanin amfaninsa. Wayar rimot ɗina taku goma ce kawai, tana harɗe ƙafar mutane, sau biyu tana jawo kyamara ƙasa. Amma ba ta cin batir, kuma duk wanda ya gan ta ya ga inda ta fito da inda ta shiga. Ko jahili ya bi ta da ido zai tarar da kyamara a ƙarshenta. Abin da nake so ke nan.

Ba ki san yadda gari ya koma ba. Tun da aka yanke sabis ake cewa masu kai wa 'yan bindiga rahoto sun koma amfani da oba-oba, rediyon magana mai eriya. Yanzu a kowane shinge 'yan sa-kai juye jaka suke yi. Duk abin da ke da eriya ko yake ƙyafta wuta, mai shi ya shiga uku. Makon jiya an karya wa wani mai gyaran rediyo hannu a kan abin gwada batir. Ba na zaginsu duka, an kashe musu mutane, tsoro ne ya cika su. Amma mai tsoro ba ya tsayawa jin bayani. Ni kuma ga ni da kyamara, ina shiga gari ina fita, ina shiga har cikin gidaje. Dama ana kallona.

Ranar Alhamis zan tafi Anka, akwai mata sama da talatin a sansanin 'yan gudun hijira da ke jirana, kuma Asabar ake rufe rubuta suna. An ce Nuraddeen zai shigo ranar ya wuce can. In kin ba shi saƙon, a tasha zan karɓa in bi shi. In ba ki ba shi ba, kin ci amanar taubasantaka, kuma sai na rama.

Tasi'u

Sakkwato, 8 ga Oktoba

Tasi'u,

Yanzun nan malamin asibitin ya kawo takardarka. Ko gaisuwa ba zan iya ba. Na yi kuskure. Da ka ce mai waya, na ɗauka wayar hannu kake nufi. Abin da ka ce kada in karɓa shi na aiko maka, mai eriya ne, kuma yana ƙyafta jar wuta.

In Allah ya sa ba ka tafi ba, kada ka fita da shi. Ka jefa shi masai. Takardar da ke cikin kwalin ma ka ƙona ta, na yi surutun banza a ciki. Gobe zan koma in ɗauko mai igiyar.

Na san jiya ce Alhamis. Ina ta gaya wa kaina wataƙila motar ba ta gyaru ba. Ka aiko mini ko layi ɗaya ne.

Sahura

Bukkuyum, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Sahura,

Assalamu alaikum. Ni ce Raihana, matar ɗan'uwanki. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban saba ba. Muna gaishe ku. Inna tana kwance, mun ce mata aiki ne ya riƙe Malam a Anka. Ba gaskiya ba ne. Yana hannun 'yan sa-kai tun ranar Alhamis.

Nuraddeen ne ya zo ya gaya mana, a gabansa aka yi. Ya ce Malam ya karɓi kwalinki a tasha mota tana shirin tashi, ya cusa a jaka bai buɗe ba, ya ce sai sun isa. Ba su yi nisa ba suka tarar da shinge a bakin wani gari. Ba zan rubuta sunan garin ba, kin san shi, muna da dangi a can. 'Yan bindiga sun shiga musu kwana shida kafin nan, an kashe mutum tara.

Aka sauke kowa aka juye jaka. Ɗaya ya yage kwalin ya ɗaga abin ya ce, "Mi na na wanga? Wa kaka kira da shi?"

Malam da ya gani, Nuraddeen ya ce fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Na hoto na. Wallahi yanzu nik karɓe shi, ko buɗewa ban yi ba. Ku kun san ni."

Babbansu ya ce, "Mun san ka. In na hoto na, ɗauki mu gani."

Ya fito da kyamara ya maƙala ƙaramin, ya danna na hannun. Wuta ta yi ja a hannunsa, kyamara ba ta motsa ba. Ya sake, ya sake, har sau biyar. Wani daga baya ya ce, "Ku hana shi, saƙo na yaka turawa." Suka fizge.

Sai suka ga takardarki. Akwai mai karatun boko a cikinsu, ya karanta da ƙarfi kowa na ji. Inda kika ce ba ruwansa da sabis. Inda kika ce ya tsaya cikin mutane yana gaisawa ya danna, can su samu, ba wanda zai san shi ne. Inda kika ce ya gama aikinsa ya wuce gari na gaba. Sau biyu aka sa ya maimaita wurin. Malam yana cewa wasan taubasai ne, ba wanda ya saurare shi. Suka ɗaure shi suka shiga da shi gari, suka ce wa Nuraddeen ya ja motarsa.

Yaya Abdullahi, wan Malam, ya je jiya tare da wani dattijo. Ba su bari ya gan shi ba. Sun ce suna bincike, in sun gama za su miƙa shi ga hukuma. Amma babban ya ce abu ɗaya, in an zo an sa abin ya ɗauki hoto a gabansu, za su sake shi.

Yaya, ke kika saya. Mene ne ya hana shi aiki? Ba na son in ɓoye miki, raina a ɓace yake da ke, na kwana biyu ina ambaton sunanki cikin fushi. Amma yanzu ba ni da kowa sai ke. Nuraddeen ya yarda zai juyo da amsarki ba tare da ya jira fasinja ba, in ya samu mai.

Raihana

Sakkwato, 12 ga Oktoba

Raihana ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Fushinki daidai ne, kada ki rage komai a ciki. Ni ma ban yafe wa kaina ba. Amma bari in yi maganar da za ta fito da shi tukuna.

Daga karanta takardarki na tafi shagon. Mai shagon ya ce lafiyar abin ƙalau. Kowane sabo yana zuwa da ɗan farin leda a ƙarƙashin batir, don kada ya ci wuta a kwali. Na hannun an riga an cire masa, na ƙaramin da ake maƙala wa kyamara ne ba a cire ba. Ya rantse ya gaya mini ranar da na saya. Ya gaya mini, Raihana, na tuna. Na zo na cika takarda da tsiya na manta da shi.

Ki karanta wa Yaya Abdullahi wannan a hankali. Ya juya ƙaramin, zai ga murfi a bayansa. Ya ture shi da farce. Zai ga bakin leda ya leƙo, ya ja shi ya fita duka, ya mayar da murfin. Wuta kore za ta kama. Ya maƙala shi a kyamara, ya kunna ta, ya cire murfin gilashin gaba, sannan ya danna na hannun sosai har ƙasa. Za su ji ƙarar da kunnensu.

Na haɗo da rasit mai hatimin shagon, da takardar da mai shagon ya rubuta da hannunsa cewa abin hoto ne. Na kuma sayo mai igiyar, a nuna musu su ga aikinsu ɗaya. In suna son wadda ta rubuta takardar, ga sunana ga makarantar da nake koyarwa, ni ce, su zo su kama ni. Na so in biyo Nuraddeen, maigidan ya ce ko gawata ba za ta bi hanyar nan ba. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba.

Kada Yaya Abdullahi ya kwana da takardar nan. In Tasi'u ya fito ki ce masa ya zage ni son ransa, ba zan rama ba.

Yayarki,
Sahura

Bukkuyum, 19 ga Oktoba

Yaya Sahura,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam ya rasu. Yau kwana uku da muka sani, kwana biyar da rasuwar. Inna ta ji, tun ranar ba ta yi magana ba.

Nuraddeen bai samu mai ba sai Juma'a, da yamma ya kawo saƙonki. Asabar da sassafe Yaya Abdullahi ya tafi. Ya ce sun karɓe shi da mutunci, har tabarma suka shimfiɗa masa a ƙofar gidan babban nasu. Ya ce a fito da ƙaninsa ya gani da idonsa, suka ce ya fara nuna musu tukuna. Aka kawo jakar. Ya ɗora kyamara a kan turmi, ya yi duk yadda kika rubuta. Ledar ta fita, ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba. Wuta kore ta kama. Suna tsaitsaye a gabansa sun zuba ido, ya danna, kyamara ta yi ƙara.

Can babban ya ce, "Ashe na hoto na." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Shekaranjiya munka rufe shi. Tambaya ɗai munka yi mai, jikinai na bai ɗauka ba."

Suka nuna masa kabarin a bayan gari. Suka mayar masa da jakar, komai na ciki, har man zafin Inna. Suka ce kuskure ne, lokaci ne ya zo da haka, a yi haƙuri. Dattawan nan ma abin da suke ta gaya mini ke nan. Sun ce in aka tayar da magana gari biyu za su ɓaci, kuma 'yan sa-kan nan ne masu yi mana gadin hanya.

Ban san ko na yafe miki ba, Yaya. Ina nema a zuciyata, wata rana in samu, wata rana in rasa. Na dai san ba ke kika ɗaure shi ba.

Za ki ji wani ɗan abu mai tauri a naɗe cikin takardar nan. Memorin kyamarar ne. Malam ya koya mini duba hoto, jiya na kunna ina neman ko akwai fuskarsa a ciki. Babu, shi bai taɓa ɗaukar kansa ba. Amma hoto na ƙarshe shi ne wanda Yaya Abdullahi ya danna. Ba su lura ba, shi ma bai lura ba, kyamarar su take kallo. Ya fito tar, har da bindigoginsu. Ban nuna wa kowa ba, a nan ba zai kwana biyu ba za a karɓe shi. Ke kina birni, kin san inda ake kai irin wannan. Kin iya rubutu, wannan karon ki rubuta daidai.

Su bakwai ne a hoton, na san huɗu. Na biyu daga hagu ya zo mana gaisuwa jiya, ya zauna a zaure ya yi addu'a mai tsawo, kuma ni na dama furar da aka kai masa.

Ƙanwarki,
Raihana